Amsa: Kufan wace fada zan fara da shi a Japan?

Ɗan'uwa, ka ce kana da kwana biyu a yankin Okayama, kuma kufan da aka taɓa yi wa ƙawanya kake son gani. To ka je Bitchu-Takamatsu. Kada ka rikita shi da Takamatsu na tsibirin Shikoku, wuri daban ne. Daga tashar Okayama jirgin ƙasa zai kai ka cikin kamar minti 20, sai ɗan taku da ƙafa.

Kada ka sa ran ganin doguwar hasumiya. Fili ne shimfiɗe a tsakiyar gonakin shinkafa, da kududdufin furanni. Wannan fadamar ita ce ta kare fadar, don doki ba ya iya ratsa taɓon. A 1582 Hideyoshi, wani babban kwamandan yaƙi da ya zo cin fadar, ya mayar da ita makami: ya sa aka gina madatsa, aka karkato kogin Ashimori, damina ta sauka, ruwa ya kewaye mutanen ciki. Ana cikin haka labarin kashe maigidansa Nobunaga a Kyoto ya iso masa. Ya ɓoye labarin, ya gaggauta sulhu da gidan Mori, sarakunan da fadar ke ƙarƙashinsu. Sharaɗin shi ne shugaban fadar, Shimizu Muneharu, ya kashe kansa domin a bar mutanensa da rai. A cikin kwale-kwale ya yi, kowa na kallo.

Na tsaya a gaban kabarinsa, wallahi jikina ya yi sanyi. Ragowar madatsar na nan kusa, ka nemi a nuna maka.

In ka samu ƙarin kwana, ka wuce Tottori, inda a 1581 Hideyoshi ya yi amfani da yunwa ya ci fadar garin. Can akwai hawan dutse, ka sa takalmi mai ƙwari.