Me ke cikin ƙwayar zarra?

Ɗan'uwa ka tambaya me ke cikin ƙwayar zarra, to abu uku ne. A tsakiya akwai furoton mai cajin fozitib da nutiron wanda ba shi da caji, suna dunƙule wuri ɗaya kuma kusan duk nauyin nan yake. Ilektoron mai cajin nagetib shi yana kewaye ta waje, furoton ɗaya ya ninka shi nauyi kusan sau 1836. Don Allah ka riƙe wannan sosai, yawan furoton ne ke nuna wane sinadari ne, kabon 6, oksijin 8, in nutiron kaɗai ya canza sinadarin yana nan, aisotof ka samu, kamar kabon-14 mai nutiron 8.