Bitar koyarwa ga sabon malamin jami'a

Malam, ka tambaya ko sabon malami a KNUST, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, yana bukatar zuwa bitar koyarwa alhali yana da digirin digirgir. Don Allah ka je. Bincike ne digirin ya koya maka, amma tsayawa gaban ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya sana'a ce daban. Tun da ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum amsar tambaya, ya fito a 2022, aikin gida ya daina nuna wanda ya fahimci darasi, kuma a bitar ne za ka ga yadda ake haɗa aikin gida da tambayar baka da gwaji cikin aji. Fara da wadda ta shafi tsara jarrabawa. Yaranmu na Zango da ke shigowa Kumasi karatu suna matuƙar bukatar malamin da ya iya bayani.