Mun Je Neman Shawara, An Mayar Mana Da Tambaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni da wanda zan aura mun yi gwajin jini bayan an riga an sa rana, sai sakamako ya nuna dukanmu AS ne, wato muna ɗauke da gadon sikila. Aka tura mu wurin wata jami'a mai ba da shawara kan cututtukan gado, ta yi mana bayani har ta zana mana a takarda. Amma da na ce mata, "Don Allah, da ke ce, za ki fasa?" sai ta tambaye ni abin da na fi tsoro a cikin lamarin. Shin wannan ba gudun nauyi ba ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba gudun nauyi ba ne, haka aka horar da ita, kuma horon yana da tushe. Wani masani a Amurka, Sheldon Reed, shi ya raɗa wa wannan aiki suna a 1947, lokacin da duniya ba ta gama farfaɗowa ba daga abin da aka yi a Jamus da ita kanta Amurka, inda hukumomi suka riƙa hana mutane haihuwa da ƙarfin doka wai don gyara iri. Shi ya sa da aka fara koyar da sana'ar a matakin digiri na biyu a Kwalejin Sarah Lawrence a 1969, masu ita suka jingina da koyarwar masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers, wadda ta ɗauki mai matsala a matsayin wanda ya fi kowa sanin rayuwarsa.

Nauyin da ke kan jami'ar shi ne ta faɗa muku gaskiya ba ragi. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin ɗari na zuwa da SS, wato mai sikila, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, ba wai lallai ɗa ɗaya tak cikin 'ya'ya huɗu ba kamar yadda ake yawan faɗa a gari. Ana iya samun gidan da 'ya'ya uku a jere suka zo da sikila. Ya kamata kuma ta nuna muku yadda rayuwar take, wato ciwon ƙashi da tsakar dare, da ƙarin jini, da kuɗin magani, da uwar da ke kwana a benci a asibiti.

A nawa ganin, jami'ar da ta ɓoye wannan don kada ta ɓata muku rai ita ce ta gaza, ba wadda ta ƙi ce miki "ki fasa" ba, domin ba ita za ta fuskanci iyayenku ba, ba kuma ita za ta yi jinya ba. Ku koma wurinta ke da shi, tare da wani babba daga kowane gida, sannan ku roƙe ta ta haɗa ku da iyayen da ke rainon mai sikila kafin ranar ta zo.