Na'urar neman bututu za ta iya gano dukiyar da aka binne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi shekaru ina aikin shimfiɗa bututun ruwa, kuma ina da na'urar da muke bin sawun bututu da wayar lantarki ta ƙarƙashin ƙasa da ita. Tunda tana jin bututu a zurfin mita biyu har uku, ba zan iya amfani da ita in nemi tulun zinare ko akwatin tsabar kuɗi da magabata suka binne ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da yawa sun yi wannan lissafin kafin kai. Abin da ke ɓata shi shi ne, na'urar tsawon ƙarfe take bi, ba ƙarfen kansa ba.

Ka tuna yadda kake aiki da ita. Kana maƙala waya ɗaya a jikin bututun, ɗayar kuma a turken da ka kafa a ƙasa, sai akwatin na'urar ya tura sigina, galibi a kan kilohaz 8 ko 33. Wutar nan tana gudu a jikin bututun, tana tsiyaya cikin ƙasa, ta komo turken. Gudun nan shi ke haifar da maganaɗisu kewaye da bututun, shi kuma sandar da ke hannunka take ji. To tulu ina zai kai wuta? Dunƙule ne guda, ba shi da hanci balle wutsiya, kuma ba ka san inda yake ba balle ka maƙala masa waya. Ko ka ajiye akwatin a ƙasa ya watsa siginar ba tare da waya ba, dogon abu ne zai ɗauka. Haka kuma idan ka kashe akwatin ka bar sandar ita kaɗai, kukan wutar lantarki mai haz 50 ko 60 za ta saurara, da siginar rediyo da dogayen bututu ke kamawa. Zinaren da ke kwance babu abin da yake fitarwa.

Akwai dai kayan aikinku guda biyu da suka fi kusa da abin da kake so.

Na farko shi ne na'ura mai akwati biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, a haɗe da sanda, ana tafiya da ita a gefe kamar an riƙo jaka. Kamfanin Fisher na Amurka, wanda aka kafa a 1931, yana yin TW-6 don masu bututu, yana kuma yin Gemini-3 don masu neman dukiya, kuma tsarin aikinsu ɗaya ne. An saita akwatunan yadda na baya ba ya jin na gaba sai wani babban ƙarfe a ƙasa ya karkatar da siginar. Daɗinta shi ne ba ta kula da ƙusa da murfin kwalba. Aibinta kuma nan ne: ba za ta ji kwabo guda ko zobe ba, sai abu mai girman gwangwanin fenti zuwa sama.

A nan nake son ka tsaya ka yi tunani, domin nan ake yaudarar mutane da batun zurfi. Ga ƙaramin abu, idan zurfi ya ninka sau biyu, ƙarfin siginar da ke dawowa yana raguwa kusan sau 64, saboda tana raunana a tafiya, tana kuma raunana a dawowa. Sannan tulun ƙasa cike da tsabar kuɗi ba ya amsawa kamar farantin ƙarfe mai girmansa. Kowace tsaba tata 'yar wutar take juyawa, tsatsa da ƙasa sun raba tsakaninsu, sai amsar ta fito a raunane. Mita ukun da kake samu a kan bututu mai tsawon ɗaruruwan mita, kada ka sa ran samun su a kan tulu.

Na biyu shi ne sandar maganaɗisu, irin ta kamfanin Schonstedt da ake neman murfin bawul da turakun safiyo da ita. Baƙin ƙarfe kaɗai take ji. Zinare, azurfa da tagulla duk ba ta san da su ba. Idan dukiyar tana cikin akwatin ƙarfe ko tukunyar ƙarfe, mazubin za ta nuna maka. Za ta kuma nuna maka kowane guntun garma da tsohuwar waya.

Ban da waɗannan biyu akwai radar ƙasa, na'urar da ke nuna hoton abin da ke ƙarƙashin ƙasa: tana ganin rami da bututun roba, tana aiki sosai a busasshen yashi, amma jiƙaƙƙen yumɓu yana shanye siginarta, kuma karanta hotonta sai an koya.

Manyan dukiyoyin da aka tono a Ingila ma ba daga can ƙasa suka fito ba. Ta Hoxne, a 1992, wani mutum ne ya je neman gudumar da ta ɓace a gona da na'urar gano ƙarfe ta hannu, ya faɗa kan tsabar kuɗin Rumawa kusan 15,000. Ta Staffordshire, a 2009, zinare ne kimanin kilo 5, kuma a cikin ƙasar da garma ke juyawa aka same shi. Wanda ya gano ta Hoxne bai ci gaba da tono ba, ya kira hukuma, masana suka ɗauke kayan yadda suke kwance, har aka gane tsarin akwatin katakon da ya riga ya ruɓe. A can, dokar 1996 ta wajabta kai rahoto cikin kwana 14. Kowace ƙasa da tata dokar, don haka ka san ta inda kake, ka nemi izinin mai fili, ka nisanci maƙabarta da wuraren tarihi.

Idan kana son ka tabbatar da kanka, ka cika gwangwani da tsabar kuɗi, ka binne a rabin mita, ka binne wani a mita ɗaya, ka bi ta kansu da na'urarka. Ka maimaita da tulun ƙasa. Abin da ka ji shi ne iyakarta.

Amma kada ka bar ta a gida. Abin da ya fi damuna da masu neman dukiya shi ne, na'ura mai akwati biyu tana yin kuka mai ƙarfi a kan wayar lantarki da bututun gas, mai zumuɗi kuma ya kai diga. Mutane suna ƙonewa, wasu suna rasa rai ta haka. Duk inda wata na'ura ta yi kuka, ka fara share wurin da taka. Idan siginar ta miƙe a layi, ka bi ta taku goma gaba, goma baya. Muddin ba ta yanke ba, bututu ne ko waya, kada ka tona.