Vampire Weekend: ina jitar Kwango ta tafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani abokina ya kunna mini wata waƙa ta Vampire Weekend mai suna "Cape Cod Kwassa Kwassa". Da na ji jitar, wallahi na ɗauka 'yan Kwango ne. Sai na nemi faifansu na 2024, na tarar da ƙara da hayaniya kamar ba su ba. Mutanen ne aka sauya, ko kuwa sun yar da kiɗan Afirka ne bayan sun yi suna? Kuma da wane faifai ya kamata in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kunnenka bai yaudare ka ba, a waƙar farko da kuma ta ƙarshe. Shekara 16 ce tsakanin abubuwa biyun da ka saurara, kuma a cikinta mutum ɗaya ya fita daga ƙungiyar, sauran suka manyanta.

Samari huɗu ne suka haɗu a Jami'ar Columbia da ke New York a 2006: Ezra Koenig mai rerawa da kaɗa jita, Rostam Batmanglij mai fiyano wanda iyayensa 'yan Iran ne, Chris Baio mai jitar bas, da Chris Tomson mai ganga. Faifansu na farko, wanda "Cape Cod Kwassa Kwassa" take ciki, ya fito a Janairun 2008 a ƙarƙashin XL, wani kamfani mai zaman kansa a Landan. Abin da kalmar "indie" da ake kiran irinsu da ita ke nufi ke nan tun asali: mawaƙan da ba sa hannun manyan kamfanoni. Lokacin da suke haɗa faifan, Ezra koyarwa yake yi a wata makaranta a Brooklyn, kuma Rostam ne ya zauna ya haɗa sautin da hannunsa.

Abin da ya ɗauki hankalinka a jitar nan shi ne tsabtarta. Mawaƙan rok na wancan zamani sun saba cusa wa jita ƙara har ta riƙa gurnani. Ezra ya bar tasa wasai, yana tsinkar tsirkiya ɗaya bayan ɗaya a can saman wuyan jitar, yana maimaita gajeren zagaye guda har ya zauna maka a ka. Haka makaɗan sukus na Kinshasa suke yi, kuma kwasa-kwasa ɗin da ke cikin sunan waƙar rawa ce ta Kwango da mawaƙin ƙasar Kanda Bongo Man ya yaɗa a ƙarshen shekarun 1980. Sai Rostam ya ɗora goge irin na Turawa da wani tsohon nau'in fiyano mai sautin ƙarfe a kai. Wannan gamin gambizar ce ta sa aka san su.

Ita ce kuma ta jawo musu suka. An ce 'yan jami'ar masu hannu da shuni sun ɗebi kiɗan talakawan Afirka suna ado da shi, an riƙa kwatanta su da mawaƙin Amurka Paul Simon da faifansa Graceland na 1986, wanda ya yi da makaɗan Afirka ta Kudu. Su ma sun ba da ƙofa, domin da bakinsu suka laƙaba wa kiɗansu sunan da ya haɗa wata unguwar masu kuɗi ta New York da Soweto ta Afirka ta Kudu, alhali jitar tasu ta fi kama da ta Kinshasa. A ganina sukar tana da tushe a nan: sun ari salo, amma mai sauraro a Amurka zai gama faifan bai san sunan makaɗin Afirka ko ɗaya ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Contra, na Janairun 2010, ƙanen na farko ne da aka saya wa sababbin kaya. An ƙara gangunan kwamfuta, da marimba, da ɗanɗanon rege da ska, har da na'urar lanƙwasa murya irin wadda ta cika waƙoƙin fina-finanmu. Ya hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka a makonsa na farko. Faifai ne mai daɗi, amma ba a nan aka juya ba.

An juya ne a Mayun 2013, da Modern Vampires of the City, kuma idan da faifai ɗaya za a bar ni da shi, shi zan ɗauka. Tun daga bangonsa za ka gane an sauya ɗaki: hoton New York ne baƙi da fari, na wata rana a Nuwamban 1966 da hayaƙi ya lulluɓe birnin. Sun ɗauko furodusa daga waje a karon farko, Ariel Rechtshaid, ya yi aiki tare da Rostam. Jitar nan mai tsalle ta koma baya, fiyano da ogan da muryoyin amshi suka shigo gaba. Na'urar murya da aka yi wasa da ita a Contra ta zama kayan aiki na gaske: sai a ja muryar Ezra ƙasa ta zama ta dattijo, a mayar da ita sama ta zama ta yaro, duk a baiti ɗaya. Dabarar ta dace da maganar, domin Ezra yana da shekara 29 a lokacin, kuma waƙoƙin a kan tsufa suke, da mutuwa, da tambayoyin da yake yi game da imani a matsayinsa na wanda ya tashi a gidan Yahudawa.

Ka sa abin ji a kunne ka saurari "Hannah Hunt" kai kaɗai. Fiye da minti biyu ba abin da ke motsi sai bas a hankali da fiyano jefi-jefi, Ezra yana rerawa kamar mai gudun tada wanda ke barci. Har za ka fara tunanin haka za ta ƙare. Kwatsam ganga ta faɗo, fiyano ya ɓalle, ya ɗaga murya har tana neman tsagewa, ya maimaita kalmomin da ya faɗa a hankali ɗazu. Samarin 2008 ba su da haƙurin jiran wannan lokaci, da sun saki komai tun daƙiƙa goma na farko. Wannan faifai ne ya ba su kyautar Grammy ta farko a 2014.

A Janairun 2016 Rostam ya sanar da fitarsa. Wannan ita ce amsar rabin tambayarka, domin shi ne mai tsara sautin faifai ukun farko. Ba rabuwar baram-baram aka yi ba, ya ci gaba da sa hannu a waƙa ɗaya ko biyu. Amma shekara shida aka yi bayan faifan 2013 kafin Father of the Bride ya fito a Mayun 2019, a kamfanin Columbia na Sony, kuma kusan aikin Ezra ne da Ariel da baƙin da suka gayyato, irin su Danielle Haim da Steve Lacy. Ezra ya koma Los Angeles, kuma ana jin hasken ranar can a cikin waƙoƙi 18 ɗin: jitar katako, amshi tsakanin mace da namiji irin na kiɗan karkarar Amurka. Ya ci Grammy shi ma, ko da yake ni ina ganin da an rage waƙa huɗu ko biyar da ya fi ƙarfi.

A nan ne Afirka ta dawo, ta hanyar da ta fi mini kyau. A waƙar "Rich Man" ba kwaikwayon salo aka yi ba. Jitar S. E. Rogie ce da kanta, dattijon makaɗin Saliyo da ya rasu a 1994, aka yanko daga tsohon faifansa, da ƙurar faifan da komai, aka sa sunansa cikin marubutan waƙar. Wanda ya ji ta ya so ta yana da sunan da zai bi. Abin da ya rasa a 2008 ke nan.

Sai wanda ya rikita ka, Only God Was Above Us, na 5 ga Afrilun 2024. Waƙa goma ce, kuma hayaniyar da gangan aka yi ta. Sunan, wato "Allah kaɗai ne ke samanmu", ya fito ne daga kanun wata jarida ta 1988, maganar wani da ya tsira daga jirgin saman kamfanin Aloha da rufinsa ya yaye a sararin sama, kuma faifan waiwaye ne ga New York ta wancan zamani, ta jiragen ƙasa masu ƙara da bango mai zane-zane. Mutanen da suka yi suna da jita mai tsabta sun ɗauko gurnanin da suka guje wa tun farko. Amma ka sake saurara, ka bi ta ƙarƙashin ƙarar. Fiyanon nan mai gudu yana nan, gogen yana nan, gajeren zagayen da ake maimaitawa yana nan. Sun zuba ƙura ne a kan kayansu na da, kuma sai wanda ya san kayan zai gane su. Shi ya sa ya yi maka nauyi, ka shiga gidan ta ƙofar baya.

Don haka kada ka fara da shi. Tunda jitar ce ta kamo ka, ka ƙarasa faifan 2008 daga farko zuwa ƙarshe, bai fi minti 35 ba. Ka tsallaka zuwa na 2013 ka zauna da shi mako guda, sannan ka koma na 2024. Contra da na 2019 za su jira ka. Kafin ka kai ga "Rich Man" kuwa, ka nemi S. E. Rogie shi kaɗai da jitarsa, ka kuma nemi Kanda Bongo Man tare da Diblo Dibala a kan jita, ka ji inda zagayen nan ya samo asali.