Amsa ga Mama kan baikon gwauraye

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Ubangiji. Mama, na saurari tambayarki, ko ya kamata mu kashe dukan baikon da muka tara wajen yi wa matan da aka kashe mazajensu saboda bangaskiya rabon Kirsimeti. Cikin girmamawa nake cewa kada mu yi haka, domin rabon rana ɗaya yakan ƙare a mako guda, ita kuwa gwauruwa tana nan da nauyinta shekara da shekaru.

Ku tuna da harin cocin Madalla a ranar Kirsimetin 2011, da yadda Boko Haram ta mamaye Mubi da hedkwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) a Kwarhi a 2014, da Kiristoci 21 da aka yanka a Libiya a 2015. A lokacin kowa ya yi jaje, aka kai taimako, sannan aka watse. Yaran da aka bari a goye a wancan lokaci yanzu suna sakandare, kuma uwa ce kaɗai ke neman kuɗin makarantarsu.

Akwai wata da nake ziyarta, ba zan faɗi sunanta ba. Har yau idan ta ji ƙarar babur da dare sai ta zabura ta rungume autanta, jikinta na rawa. Ba a gama zaman makoki ba dangin mijin suka karɓe gonar, kuma babu wanda ya tsaya mata, har da mu da muke zama benci ɗaya da ita a sujada. Wannan abu yana ci mini rai.

A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake waɗansu gwauraye a rabon yau da kullum, sai aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas, aka danƙa musu aikin. Shawarata ke nan: Zumuntar Mata ta rubuta sunan kowace gwauruwa da yawan 'ya'yanta, a haɗa ta da iyali ɗaya mai leƙa ta kowane wata, a biya kuɗin makaranta kai tsaye, a ba mai sana'a jari, dattawa kuma su shiga maganar gado.

Roƙona na ƙarshe, Mama, kada a ɗauki hotonsu suna karɓar kaya a watsa a Facebook. Wadda nake ziyarta ta daina zuwa rabo tun ranar da ta ga fuskarta a wayar maƙwabciyarta.