Hukuncin tsara teku da hana kamun kifi a wani yankinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji gwamnatoci suna zana taswirar teku, su ce nan hanyar jiragen ruwa ce, can wurin haƙo mai, can kuma an hana kamun kifi. Ga shi hadisi ya ce Musulmi sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Shin wannan rabon ya halatta? Masuncin da ya saɓa ya yi laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ya halatta, ɗan'uwa, amma da sharaɗi.

Hadisin da ka kawo yana hana mutum ɗaya ya mallake abin jama'a ne, bai hana shugaba tsara shi ba. Annabi (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi'u don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Wannan shi malamai ke kira hima. Idan aka rufe wurin da kifi ke zuba ƙwai har ƙanana su girma, ko aka raba hanyar manyan jirage da inda kwalekwale ke jefa taru, hukuncin ɗaya ne, domin Suratur Rum aya ta 41 ta ambaci ɓarna a tudu da teku.

Ta fuskar doka, yarjejeniyar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa cikakken iko har mil 12 na teku, da haƙƙin albarkatu har mil 200. Tarayyar Turai ma a 2014 ta wajabta wa ƙasashenta na bakin teku su fitar da irin wannan tsari zuwa ƙarshen Maris 2021. Ƙasar da ta sa hannu sai ta cika alkawari, kamar yadda farkon Suratul Ma'ida ya yi umarni.

Sharaɗin shi ne abin da ya fi damuna. Da Umar ya naɗa Hunayyu ya kula da hima, cewa ya yi ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya hana dabbobin attajiran sahabbai Ibn Auf da Ibn Affan shiga, don su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino. Talaka kuwa sai ya zo da 'ya'yansa yana kuka. Haka kuma Annabi (SAW) ya karɓe gishirin Ma'arib da ya ba Abyad bin Hammal, da aka shaida masa kamar ruwa ne mai gudana da kowa ke ɗiba. Saboda haka, a kori mai kwalekwale ɗaya daga inda ya gada, a miƙa wa kamfani mai jirgin da ke share ƙasan teku da raga, zalunci ne ko da doka ta sa masa hatimi. Dole a zauna da masunta kafin a ja layi, wanda aka tasa kuma a ba shi wani wuri ko diyya.

In tsarin ya tsaya a kan adalci, masuncin da ya shiga wurin da aka hana ya yi laifin saɓa wa shugaba, amma kifinsa halal ne. In an zalunce shi, ya kai ƙara. Wallahu a'alam.